Nahawun Tsoro: Yadda Kyamara Ke Koya Wa 'Ya'yanmu Wanda Za Su Guda

Akwai wata tsohuwa mai sayar da daddawa da kuka a unguwarmu a nan Dutse, wadda tun da muka tare a gidan da muke ciki take shigo mana sau biyu ko uku a mako, ta zauna bisa tabarma ta sha ruwa, ta yi wa yara wasan kaka da jika. Ɗana mai shekara 8 shi ne angonta, shi ke sauke mata ƙwarya, shi ke raka ta bakin zaure. Rannan da almuru ta yi sallama, sai na ga yaron nan ya tashi tsam ya shige ɗaki ya laɓe bayan ƙyaure. Ta ce, "Ina angon nawa yau, ko kishiya ya yi mini?" Aka yi dariya, uwargida ta ce mata barci yake ji. Bayan ta tafi na kira shi na tambaye shi, ya yi ta nuƙu-nuƙu, daga bisani ya ce, "Abba, irin idonta ne da matar nan mai cin yara." Da na bi diddigi, ashe wani fim ya kalla a wayar wani yaron maƙwabta, irin waɗanda ake turawa a shagunan cajin waya a kan 'yan kuɗi ƙalilan.

Na nemi wayar na kalli fim ɗin da kaina. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, a wurin da ya fi firgita yaron, tsohuwar cikin fim ɗin ba ta yi komai ba. Tana zaune ne kawai a ƙofar ɗakinta. Amma an haska fuskarta daga ƙasa, aka matso da kyamara har idanunta suka cika allo, aka yanke aka nuna wani yaro kwance yana rawar ɗari, aka sake komowa kan idanunta. Ba wanda ya furta kalmar mayya, amma ɗan shekara 8 ya karanta jumlar sarai, har ya ɗauko ta ya ɗora wa wata baiwar Allah da ba ta ji ba, ba ta gani ba. Wannan shi ne dalilin rubutun nan.

Sana'ata nazarin harshe ce, don haka mai karatu zai yi mini uzuri idan na kalli lamarin da idon ɗan nahawu. A nawa ra'ayin, tsoron da fim ke sanya wa mutum magana ce da aka gina bisa ƙa'ida, kamar yadda ake gina jumla. Hoto guda tamkar kalma ne, jera hotuna kuwa shi ne ginin jumla. Mu Hausawa mun ƙware a wannan nahawu matuƙar da baki za a yi shi, domin kakanninmu mata sun daɗe suna aiki da shi a dandalin tatsuniya. Da ya koma cikin hoto sai muka zama jahilansa, mu iyaye da masu shirya fina-finanmu da masu tace su, alhali 'ya'yanmu suna haddace shi kullum ba malami. Bari in warware ƙa'idojin ɗaya bayan ɗaya.

Ƙa'ida ta farko ita ce sakayawa. Bahaushe ba ya kiran maciji da sunansa da dare, sai ya ce igiyar ƙasa. Ba ya son ambaton aljanu kai tsaye, sai ya ce mutanen ɓoye. Ka tambayi duk wanda ya tashi da jin tatsuniya ya siffanta maka Dodo, za ka tarar kowa da irin nasa, domin mai ba da labarin ba ta cika tsayawa zayyana kamanninsa ba. Takan bar kowane yaro ya ƙera nasa Dodon daidai da abin da zuciyarsa ta fi tsoro. Allon fim yana da gefe huɗu, kuma gwanin darakta ya san abin da ke bayan gefen ya fi abin da ke ciki aiki. A fim ɗin Jaws na 1975, kifin ƙarfen da aka ƙera domin ya fito a matsayin dabbar da ke cin mutane ya yi ta lalacewa a cikin ruwan teku, dole ta sa Steven Spielberg ya riƙa nuna ƙafafun masu iyo daga ƙarƙashin ruwa da wasu ganguna rawaya da kifin ke ja, ba a ga dabbar sosai ba sai bayan an ci fiye da sa'a guda. Wannan larura ita ta zama ƙarfin fim ɗin. Haka nan a Psycho na 1960, wurin da aka kashe mace a banɗaki, Alfred Hitchcock ya girke kyamara sau 78, aka yanka hoton sau 52, amma da kyar ne mai kallo zai iya nuna inda wuƙa ta shiga jiki. Fim ɗin ma baƙi da fari ne, jinin kuwa ruwan cakulan ne. Mai kallo shi ya ƙarasa kisan a cikin kansa.

Ƙa'ida ta biyu haske da inuwa. Tun ranar da aka haife mu haske daga sama yake zuwar mana, daga rana ko wata ko ƙwan lantarki, don haka ido ya saba ganin inuwa a ƙarƙashin hanci da haɓa. Idan aka juya hasken ya fito daga ƙasa, inuwoyin sai su koma sama, kwarmin ido ya zurfafa, fuskar da ka sani ta zama baƙuwa. Duk yaron da ya taɓa kara tocila a haɓarsa don ya tsorata ƙanensa ya san wannan. Waɗanda muka taso kafin Dutse ta zama babban birnin jiha a 1991, lokacin da wutar lantarki ba ta wadata ba, muna iya tuna fitilar aci-balbal ajiye a ƙasa, tana haska fuskar kaka daga ƙasa, inuwarta ta haye bango tana rawa duk sa'ad da iska ta kaɗa harshen wutar. Abin da Bajamushe F. W. Murnau ya yi ke nan a Nosferatu na 1922, inda ya nuna inuwar mugun kawai tana hawa matakala da dogayen yatsu, ba tare da an ga jikinsa ba. Shekara 100 da ɗoriya ke nan, har yau masu shirya fim suna kwaikwayon wannan hoton.

Ƙa'ida ta uku ita ce inda aka ajiye kyamara, wadda nake kamantawa da wakilin suna a nahawu, domin ita ke faɗa maka ko kai wane ne a cikin labarin. Idan aka ɗauki mutum daga ƙasa, ya yi maka tsawo, kai ka koma yaro a gabansa. Idan aka ɗauke shi daga sama, ya ƙanƙance ya zama abin farauta. Idan aka matso da fuskarsa ta cika allo, an hana ka ganin abin da ke kewaye da shi, sai hankalinka ya tashi don ba ka san me ke matsowa ba. Idan kuma aka tura shi gefe guda aka bar fili fayau a bayansa, ko ƙofa a buɗe, idonka zai bar fuskarsa ya tare a filin nan yana jiran abin da zai cike shi. Mafi tsanani shi ne a mai da kyamara idon mugun. John Carpenter ya buɗe Halloween na 1978 da doguwar tafiya wadda mai kallo ke leƙen taga, ya shiga gida, ya ɗauki wuƙa, ya hau bene, duk da idon wanda bai sani ba, sai a ƙarshe a cire abin rufe fuska a ga ashe yaro ne ɗan shekara 6. An sauya wa mai kallo "shi" da "ni" ba da izininsa ba.

Ƙa'ida ta huɗu jinkiri. Mai tatsuniya ba ta cewa yarinya ta shiga daji Dodo ya kama ta. Cewa take yi tana tafiya, tana tafiya, tana tafiya, ta ja muryar, ta yi shiru, yara su matso, sa'an nan ta saki kalmar "sai". Duk nauyin labarin a kan wannan 'yar kalma yake. Hitchcock ya taɓa bayyana wa Bafaranshe François Truffaut bambancin razana da zullumi da misalin bam a ƙarƙashin tebur: idan ya tashi ba wanda ya san da shi, mai kallo ya razana na 'yan daƙiƙoƙi, idan kuwa an nuna masa bam ɗin da agogo tun farko, zai yi minti 15 zuciyarsa na dukan uku-uku alhali mutanen da ke teburin hirar banza kawai suke yi. Wani lokaci ma jinkirin yakan ƙare da wofi. A Cat People na 1942, wata mace tana tafiya ita kaɗai da dare, tana jin kamar ana bin ta, tana wucewa daga hasken fitilar titi zuwa duhu, kwatsam sai ƙara ta cika kunne, ashe motar bas ce ta ja birki. Mai kallo ya sauke ajiyar zuciya, ya saki jiki, kuma a daidai wannan sakin jikin ne gwani ke kai hari na gaske.

Ƙa'ida ta biyar ita ce abin da ya yi kama da mutum amma da ɗan saura. Dabba mai ƙaho bakwai ba ta kai mutumin da tafiyarsa ta ɗan saɓa ban tsoro ba, kamar yadda baƙon harshe gaba ɗaya ba ya damun kunne irin yadda Hausar da aka karya wa karin sauti ke damunsa. A fim ɗin Ringu na ƙasar Japan, na 1998, an sa 'yar wasan da ta fito a matsayin fatalwa ta yi tafiya da baya, sa'an nan aka juya hoton ya zama gaba take yi. Mai kallo ba zai iya faɗin abin da ya saɓa ba, amma jikinsa ya ba shi cewa mai rai ba ya tafiya haka.

Ƙa'ida ta shida ita ce ta shafi tsohuwar unguwarmu. Kimanin shekara 100 da suka wuce wani mai shirya fim a Rasha, Lev Kuleshov, ya ɗauki hoton fuskar ɗan wasa wadda ba fara'a ba fushi, ya jera ta da kwanon miya, ya jera ta da gawa a akwati, ya jera ta da wata mace. Masu kallo suka ga yunwa a ta farko, baƙin ciki a ta biyu, sha'awa a ta uku, alhali fuskar guda ce ba ta sauya ba. Ma'anar hoto daga maƙwabcinsa take fitowa. Idon tsohuwa shi kaɗai ido ne kawai, yaro mai zazzaɓi shi kaɗai majinyaci ne kawai, amma da aka jera su sai suka zama tuhuma, kuma tuhumar da ba a furta ba ta fi wuyar ƙaryatawa, domin babu kalmar da za ka kama ka ce ƙarya ce.

To, ina fina-finanmu suke a wannan fage? Tun daga Turmin Danya da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, fim ɗin Hausa ya fi karkata ga soyayya da rikicin gidan aure, amma aljanu da bokaye da mayu ba su taɓa yin nisa da shi ba. Mun sha daga rijiyoyi biyu: fina-finan Indiya irin su Nagina na 1986, mai labarin macijiyar da ke rikiɗa mace, wanda da yawanmu muka kalla a gidajen kallo da janareto, da na kudancin ƙasar nan, tun daga Living in Bondage na 1992, inda fatalwar matar da miji ya sadaukar don kuɗi ta hana shi sakat. Abin takaici, abin da muka fi ɗauka shi ne ɓawon. Sai ka ga an shafa wa ɗan wasa farar hoda da tsakar rana, an sa masa jan ido da kwamfuta, wuta na fita daga tafin hannunsa, ya ɓace ɓat ya sake bayyana yana ƙyaƙyata dariya. An nuna komai, ba a bar wa zuciya aikin yi ba. Babba yana kallo yana dariya, daga nan sai ya ɗauka abin ba shi da illa.

Nan ne kuskurenmu yake. Binciken da Joanne Cantor ta Jami'ar Wisconsin a Amurka ta shafe shekaru tana yi ya nuna cewa ƙananan yara kamannin abu ke firgita su, wato muguwar fuska da rikiɗar siffa, ko da abin ba ya cutar da kowa a cikin labarin, yayin da waɗanda suka tasa suka fi tsoron abin da zai iya faruwa da gaske. A wani nazari da ta buga tare da Kristen Harrison a 1999, ɗaliban jami'a da dama sun ce har lokacin ba su rabu da tsoron abin da suka kalla tun suna yara ba. Ke nan mun haɗa asara biyu: fim ɗin da bai gamsar da babba ba, ya kuma hana yaro fita fitsari da dare.

Da a nan abin ya tsaya, da sai a ce kuka ne na dare ɗaya. Amma mai karatu ya duba wa ake ɗora wa wannan haske na ƙasa. Galibi tsohuwa ce matalauciya mai zama ita kaɗai, ko mai taɓin hankali, ko mai wata naƙasa, ko zabiya. Kuma duk wanda ya san ƙauyukanmu, daga Kiyawa zuwa Jahun, ya san abin da kalmar maita ke jawo wa mutum. Yaro ya yi zazzaɓin cizon sauro mai zafi, ya yi sambatu ya ambaci sunan wata, sai a ce ta kama masa kurwa, a taru a ƙofar gidanta, a tilasta mata ta tsallake shi. Ko ta tsira da lafiyarta, an daina sayen abincinta, an daina neman auren jikokinta, domin an ce abin gado ne. Ba na cewa fim ne ya ƙirƙiro wannan camfi, ya girmi kyamara nesa ba kusa ba. Abin da fim ya ƙara shi ne fuska: ya ba yaro hoton da zai riƙa auna tsofaffin unguwa da shi. Mun yi imani da samuwar aljanu, sura guda ce da sunansu a Alƙur'ani, amma wannan dabam, nuna wata baiwar Allah da yatsa ba hujja dabam, kuma addini ya yi mana kashedi da zato. Dokokin laifuka na ƙasar nan sun haramta jifan mutum da maita, sa'an nan a Yulin 2021 Majalisar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da ƙuduri a kan cutarwar da irin wannan zargi ke haifarwa.

Na san wasu za su ce a hana fina-finan tsoro kawai a huta. Ban yarda ba. Tsoro yana da amfani a tarbiyya, shi ya sa kakanninmu ba su fitar da Dodo daga tatsuniya ba. Da shi aka hana yara zuwa bakin rijiya da yawon almuru. Sai dai tsoron tatsuniya yana da mai shi a kusa, tana ganin fuskokin yara, ta sassauta idan ya yi yawa, ta rufe da ƙurunƙus kowa ya san an dawo duniya. Waya ba ta ganin fuskar yaro. Hanin ma ba zai yiwu ba. Hukumar Tace Fina-finai ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1993, tana rarraba fina-finai bisa shekarun mai kallo, har a 2024 ta fitar da ƙa'idoji game da nuna tsafin kuɗi. Ta Jihar Kano, da aka kafa a 2001, an fi saninta da sa ido a kan rawa da waƙa da sutura. Amma fim ɗin da ya iso wayar yaro a kasuwar Shuwarin ya zo ne tsirara, ba kwali ba tambarin shekaru, kuma mai tacewar da ke sauraron kalmar batsa yana auna tsawon mayafi zai iya barin tuhumar maita ta wuce ta gabansa, tun da ba da baki aka yi ta ba.

Don haka shawarata ta farko ga 'yan'uwana malamai ce. Muna da Jami'ar Tarayya a Dutse tun 2011, da Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa tun 2013, ga Kwalejin Ilmi ta Gumel mai yaye malaman makaranta. Muna koyar da nazarin waƙa da zube da wasan kwaikwayo, ya kamata karatun hoto ya samu gurbinsa, da kalmominsa na Hausa waɗanda malamin firamare zai iya amfani da su. Abin da ba ka da sunansa ba ka iya yi wa ɗanka bayaninsa.

Ta biyu ga masu shirya fim. Ba na roƙon ku bar tsoro, roƙona ku iya shi. Sakayawa ta fi kwamfuta araha, kuma Allah Ya hore mana wuraren da ba sai an gina ba. Wanda ya taɓa bi ta tsakanin duwatsun Garu da almuru, inuwar dabino ta miƙe, lungu ya ƙuntace, ya san kyamara ba ta buƙatar hoda a can. Ga kogunan dutse na Birnin Kudu masu zanen mutanen da. Ku bar duhu da shiru su yi aikinsu, ku sauke wa tsofaffi da naƙasassu wannan kaya. Idan mugu kuke nema, mai babbar riga da murmushi ya fi kusa da gaskiyar zamaninmu, ya kuma fi ban tsoro. Masu tacewa kuma su riƙa tambayar kansu wace irin fuska ce fim ya koya wa yaro ya guda.

Ta uku ga iyaye, kuma ita ce na jarraba da kaina. Na zaunar da yaron da rana tsaka, na kashe sautin wayar, muka sake kallon wurin. Na tsayar da hoton na ce ya nuna mini inda fitila take, ya nuna ƙasa. Na ce ya nuna mini abin da tsohuwar ta yi wa yaron, ya duba ya duba ya ce ba ta taɓa shi ba. Da dare ya yi na kara tocila a haɓata, ya yi tsalle, sa'an nan ya fashe da dariya ya karɓa ya yi wa yayarsa. Ban ce tsoron ya tafi a ranar ba, an ɗauki kusan mako biyu kafin ya koma sauke wa tsohuwar ƙwarya. Ita kuwa har yau ba ta san abin da ya faru ba, ta ɗauka yajin ango ne, har da kawo masa ƙuli-ƙulin biko. Ina tunanin tsofaffi nawa ne a garuruwanmu yara suka daina gaisarwa, su ma ba su san dalili ba.

Allah Ya tsare mana zuriya, Ya kiyashe mu da zaluntar bayinSa da zato, amin.